Zaren Tsamiyar Kakata

Shekarun baya, lokacin da arzikin man fetur ya fara buɗa wa mutane ido, na samu aikin malamin gona a Tambuwal. Aka ba ni babur da famfon feshi. Daga ranar nake ganin duk ƙwaron da Allah ya halitta abokin gabata ne.

A bayan gidanmu na Jabo akwai wata tsohuwar tsamiya. Da damina wasu ƙananan faɗa-wuta, farare masu ratsin ƙasa-ƙasa, sukan yi ƙwai a ganyenta. Tsutsotsinsu su ci ganye su ƙoshi, sannan su taru su saƙa gida ɗaya a jikin icen. Gidan nan kakata ke ɓamɓarowa, ta dafa da ruwan toka, ta kaɗa zaren tsamiya da ake yi wa manyan riguna aiki. Na sha ganin zaren a mazarinta, amma ban taɓa tambayar inda yake fitowa ba.

Wata Juma'a na zo gida, na tarar tsutsa ta baibaye icen. Ban yi shawara da kowa ba, na goya famfo na yi wa tsamiyar wanka tas. Har ina jiran a sa mini albarka.

Da la'asar kakata ta fita, ta daɗe tsaye tana duban tsutsotsin zube a ƙasa.

"Mai gidana, mi kay yi ma tsamiyagga?"

Na ce magani na sa, ƙwari za su kashe ta.

Ta ce, "Tun ubanka bai yi wayo ba suka cin ta, ba ta mutu ba. Damina ukku nika tarin zarensu, saura ta bana in cika. Na rigar angoncinka na."

Ba ta yi faɗa ba, shi ya fi yi mini ciwo. Wallahi da ta zage ni da na fi samun sauƙi.

Faɗa-wutan ba su dawo ba sai bayan shekaru, lokacin kuwa ta rasu. Amma ta ga aurena. Maɗinki ya yi aikin wuya da aljihun rigar da zarenta, ya ƙarasa baya da na kanti. Haka na sa rigar ranar aurena, ita kuwa tana ta tsokanata wai ango rabi nata rabi na kasuwa.

Har na yi ritaya ina feshi, amma ban sake ɗaga famfo ba sai na tambayi tsofaffin wuri ko ƙwaron na wani ne. Rigar tana nan a akwatina. Zaren kanti ya koɗe tuntuni, nata kuwa ko gezau.