Waken Gwangwanin Madara

Ku matso kusa in faɗa muku yadda yarinya 'yar shekara huɗu ta kama ni dumu-dumu a tsakar gidana, a gaban mai gidan, ko ƙofar musu ban samu ba.

Jikata ce, ɗiyar babban ɗana. Uwarta na aiki a Shinkafi, sai aka bar mini ita nan Ƙaura. Ni ce na nace a sa ta makarantar nazire ta cocin nan da ke wajen tashar jirgi, don ba abin da ke wuce kunnena: ko girki nake ina jin 'ya'yan maƙwabta suna dawowa daga can suna zuba Turanci kamar rediyo. Ni kuwa aji uku na yi a firamaren Banga aka cire ni, har yau abin na ci mini rai. Malam, mai gidana, bai so ba. Ba maganar addini ba ce, don da la'asar tana zuwa Islamiyya, kuma ya san malamar naziren, mijinta ya daɗe yana sayen gero hannunsa. Shi dai ya ce zango ɗaya ya ba ni. In bai ga karatu ba, a mai da ita inda sauran yaran gidan suke.

Mako shida, ba karatu ba alamarsa. Kullum in na buɗe jaka, littafi fes kamar ranar da aka saye shi, riga kuwa sai ka ce da ita aka yi kwaɓin gini. Me kuka yi yau? Wai sun zuba ruwa daga kwalba zuwa kofi. Washegari wai sun jera marafan lemo, ja da ja, kore da kore. Wata rana ma cewa ta yi sun bi tururuwa har gidanta. Malam na jin wannan ya yi ɗan tarin nan nasa, wanda ni kaɗai na san fassararsa. Daga nan na fara ɓoye rigar kafin ya dawo daga gona, in kama hannunta da fensir mu yi ta zana A a littafin, A ɗin da ni kaina ƙafarta ɗaya ta fi ɗaya tsawo.

Da ruwa ya sauka sai ta dawo da gwangwanin madara cike da ƙasa. Ta ce Anti, wato malamarsu, ta ce akwai wake a ciki, a ba shi ruwa kowace safiya, a mai da shi Juma'a ta sama. Ta ajiye shi gindin randa. Ni da nake jin raɗar maƙwabta ta bayan katanga, wannan magana ta bi ta kunnena ta wuce. Na dai lura kullum da safe tana tsugunawa wurin, ta karyi tsinken tsintsiya ta gwada, ta jefa cikin kwalin ashana. Faɗa kawai na yi mata kan za ta ƙarar mini da tsintsiya.

Ranar Laraba tana makaranta na nemi gwangwanin awon shinkafata sama da ƙasa na rasa. Idona ya faɗa kan na gindin randa. Na juye ƙasar a turken akuya, na ɗauraye, na auna shinkafata hankali kwance. Sai da na ga akuya na taunar wani ɗan kore sannan na tuna da waken yarinya.

Da ta dawo na ce mata na ɗora shi bisa katanga saboda kaji, na yi maza na tura ta Islamiyya. Washegari ina idar da sallar asuba na zagaya bayan rumbu, inda waken da ya zube ya tsiro. Na zaɓi wanda ya fi kowanne tsawo, mai ganye shar, na dasa a gwangwanin. A raina har ina yabon kaina, na ce in abin gasa ne, bari jikata ta zo ta ɗaya.

Malam na kan tabarma yana shan koko lokacin da ta fito. Ta tsuguna, ta daɗe tana kallo.

"Kaka, wanga ba nawa ba na."

"Naki na mana, ɗiyata. Ba ki ji ruwan da anka yi jiya ba? Shi ya sa ya girma."

"Nawa na da hula."

Ashe ɓawon waken ne ya maƙale a kan tsiron, ta sa masa suna hula. Na ce iska ta cire hular. Ba ta ko kalle ni ba. Ta ɗauko kwalin ashana ta zazzage, ta jera tsinkayen nan a ƙasa, huɗu, kowanne ya ɗara na gabansa da ɗan kaɗan kamar yatsun hannu. Ta karyi sabo daidai tsawon nawa tsiron ta ajiye a gefe. Ya ninka na jiya har da ƙari. Ta ce nata kaɗan-kaɗan yake tafiya, ba ya tsalle.

Malam ya ajiye ludayi. Ya tambaye ta wa ya koya mata wannan awon. Ta ce Anti cewa ta yi kowa ya duba da idonsa, kada ya tambayi kowa. Ya juyo gare ni.

"Ke, ina waken yarinya?"

"Sai dai ka tambayi akuya."

Ya yi dariya har koko ya sarƙe shi. Da ya samu numfashi ya ce yarinyar da kakarta ta kasa yi mata wayo, a bar ta inda take, ko littafin zai shekara ba rubutu. Ni kuwa hukuncina in raka ta in yi bayani da bakina.

Na yafa mayafi muka tafi, tana gaba tana kumbura, ina baya da gwangwani. Na tsaya gindin darbejiya har suka gama waƙar addu'arsu ta safe. Malamar 'yar kudancin Kaduna ce, siririya, Hausarta da ɗan karkata. Na zayyana mata komai har da akuyar. Ba ta yi dariya ba, abin da ya fi dariyar Malam ciwo. Ta ce, "Mama, shigo ki zauna." Kujerar yara ce, gwiwoyina har haɓa, yara sun zagaye ni suna leƙen fuskata. Ta ba ni kwalba mai haske da jiƙaƙƙiyar auduga a ciki, ta ba jikata irinta, ta ce kowa ya saƙala wake ta gefen da za a riƙa gani. Sannan ta tambaye ni me zai fara fitowa. Na ce ganye mana, ni fa a gona aka haife ni.

Bayan kwana uku, muna tsugune gindin randa mu biyu, wani ɗan farin abu ya fasa waken ya yi ƙasa. Saiwa ce. Jikata ta ba ni aron tsinke ɗaya, ta ce in riƙa kula, kada akuya ta cinye.

Tana makarantar har yanzu, rigar kuma ba ta canja hali ba. Amma ku faɗa mini tsakani da Allah, ku da kuke ta murmushi: da ku malamar nan ta tambaya, saiwa za ku ce ko ganye?