Hoton 'Yan Acaba da Na Kai Sakatariya

Ina da shekara hamsin da 'yan kai na shiga ajin yaƙi da jahilci a Gwarzo. Karatun bai ba ni wuya ba, tsallaka titi ne ya ba ni. Ajinmu bayan la'asar ne, daidai lokacin da kasuwa ke watsewa, baburan Kara da na Kabo suna fitowa kamar an taɓa gidan rina. Wani ya ɗauko mutum uku, wani buhun masara da akuya ɗaure a kai.

Wata rana babur ya gogi maƙwabciyata, wadda muke zama benci ɗaya, ya yar da ita a kwata. Ba ta karye ba, amma ta rantse ta bar boko. Ni kuwa ba zan zauna ajin nan babu ita ba, ita ce ma ta ja ni ciki. Na tafi sakatariya na ce a yi mana tudun nan da ke sa a rage gudu. Ma'aikacin ya ce, "Hajiya, baki ba hujja ba ne. Kawo hoto."

Washegari na tsaya bakin titi na ɗaga waya. Ɗan acaban da ya fara ganina ya taka birki.

"Inna, ina wuni? Ya gida, ya yara? Hoto ake yi?"

"Wuce, ja'iri, ɓarnarku na zo ɗauka."

"To bari in gyara hula."

Na bayansa ya tsaya, na bayan wannan ma. Kafin in ankara sun jeru kamar sahun salla, kowa ya washe baki. Mai akuya ya ce in tabbatar ta fito sosai, ko a samu mai saye. Na wanke su tas da faɗa, suna cewa, "Allah ya huci zuciyarki, Inna, ƙara ɗaya."

Na kai hotunan. Ma'aikacin ya daɗe yana kallo, ya ce bai taɓa ganin 'yan acaba masu natsuwa haka ba, har ya nuna mini ƙanin matarsa a ciki. Tudu dai ba a yi ba.

Daga can gidan maƙwabciyata na wuce, na ce ta ɗauko littafinta. Da muka isa titi na ɗaga waya sama, ko kunna ta ban yi ba. Titi ya tsaya cak. Muka ratsa tana riƙe da gefen mayafina, ni ina amsa gaisuwa. Haka muka yi ta yi har muka gama ajin, har ranakun da wayar ba caji.