Lissafi Biyu a Kan Tsaga Ɗaya

Shekarar da ƙasa ta ɗan motsa a wasu unguwannin Abuja, ina aiki a wata hukumar gwamnatin tarayya mai binciken duwatsu. Motsin bai rushe gidan kowa ba, tagogi ne kawai suka yi ta kaɗawa, amma wayoyin ofishinmu ba su huta ba. Bayan 'yan kwanaki oga ya kira ni tare da wata abokiyar aikina, 'yar Filato, wadda ta daɗe da riga ni fara aiki, kowa Anti yake ce mata. Ya ce yana son mu kwaikwayi girgizar ƙasa a kwamfuta.

Abin da ake kwaikwaya ba shi da wuyar faɗa. A can ƙarƙashin ƙasa akwai inda dutse ya tsage gida biyu. Ɓangarorin suna manne da juna, ƙarfi yana taruwa a kansu shekara da shekaru, sai wata rana su zame lokaci guda. Daga nan su sake mannewa, a koma tara wani ƙarfin.

Na ɗauka tare za mu rubuta manhajar da za ta yi lissafin. Anti ta girgiza kai.

"Ƙanena, ka rubuta naka, ni ma in rubuta nawa. Kada ka leƙa nawa, ni ma ba zan leƙa naka ba."

"Ba aiki biyu ke nan ba, Anti?"

"In mutum ɗaya ya yi lissafi, wa zai ce masa ya yi kuskure?"

Ta zana mana tsaga ta gwaji a takarda, miƙaƙƙiya sambal, dutsen iri ɗaya ko'ina, wadda babu irinta a duniya. Kowa ya kwafi lambobin ya koma teburinsa.

Da muka gama, muka ɗora sakamakona a kan nata. Girgiza ta farko ta zo mana lokaci ɗaya. Ta biyu tawa ta ɗan makara. Daga ta huɗu kuwa kowa ya kama gabansa: a tawa kwamfutar wasu ƙananan girgizoji suna ɓullowa tsakanin manya, a tata babu ko ɗaya.

Gaskiya daɗi na ji. Ƙananan motsi ne aka yi a Abuja, ga shi manhajata ta fito da irinsu ba tare da na sa ta ba. Ranar a hanyar gida har na wuce mahaɗar Jabi ban sani ba, ina ta tsara yadda zan yi wa oga bayani.

Washegari Anti ta daɗe tana kallon zanen sakamakona, sannan ta tambaye ni gida nawa na yanka tsagar. Ita kwamfuta ba ta iya ɗaukar tsaga gaba ɗayanta, sai an yayyanka mata gunduwa-gunduwa ta bi su ɗaya bayan ɗaya. Na faɗa mata. Ta ce in raba kowace gunduwa biyu in sake gwadawa.

Kwana biyu kwamfutar tana aiki. Ƙananan girgizojin suka ragu. Na sake rabawa, na jira kusan mako, suka ɓace ɓat. Ashe ba dutse ne ke motsi ba, yankana ne ya yi girma, kowace gunduwa tana zamewa ita kaɗai. Kunya ta kama ni, amma mamaki ya fi kunyar yawa. Na yi ta mayar da yankan yadda yake a da, don kawai in ga sun dawo.

Duk da haka lissafinmu bai haɗu ba. Girgizojinta suna riga nawa kaɗan, tazarar kuma tana ƙaruwa. Wannan karon muka zauna a tebur ɗaya muna bin layi-layi, har muka gano cewa iyakar da ta yi wa dutsen daga ƙasa ta matso kusa da tsagar da yawa. Anti ta tafa hannu ta fashe da dariya.

"Ka gani? Da ka kwafi nawa, da dukkanmu mun ɓata muna murna."

Da ta gyara, zanenta ya hau kan nawa har ba a bambance su. Muka kai wa oga. Ya duba, ya cire tabarau.

"Madalla. To yaushe ƙasar za ta sake motsi?"

"Oga, ba mu sani ba," in ji Anti. "Abin da muka tabbatar, kwamfutar tana lissafin da muka ba ta daidai. Ko dutsen Abuja haka yake, sai an je an auna."

Sai ya ce a ba mu mota mu je mu auna.

Ranar Laraba muka kama hanyar Abaji. Inda masu aikin titi suka fasa wani tudu na ce wa direba ya tsaya. Tsagogin dutsen a karkace suke, wata ta rabu uku, wata cike da jar ƙasa har ciyawa ta tsiro a ciki. Na zura yatsa a ɗaya, na ji danshi. Anti ta miƙo mini guduma da littafin rubutu, ta ce in fara daga hagu.