Bake Gunu, Wadda Ta Dawo Mana da Gangunan Safe

Shekara ashirin da shida ke nan, kafin masu sakwara su ɗora tukunya, Bake Gunu ta jingine babur ɗinta a gindin mangwaron gidan rediyonmu na Borgu, ta goge tebur, ta kunna injuna. Ba a taɓa jin muryarta a iska ba. Mu masu surutu aka sani, ita kuwa tana bayan gilashi da tabarau a kan hanci. A ƙarshen watan nan za ta ajiye aiki, kuma ba zan bari ta sulale shiru ba.

Kowane ƙauye a nan yana da kiɗansa. In an yi rasuwa, shi ake fara sakawa kafin sanarwa, manomi yana tsakiyar kunyar doya ya ji gangar garinsu ya yar da fartanya. Bake ce ta bi ƙauyuka arba'in da ɗaya ta naɗo su, yawancin makaɗan ma sun rasu. Wata tsohuwar manhajar sauraron kiɗa ce kaɗai ke iya buɗe su.

Bara tsohuwar kwamfutar ta mutu, aka kawo sabuwa fil, manhajar ta ƙi zama a kanta. Kwana tara muna karanta rasuwa ba kiɗa, mutane suna jin labari bayan an rufe kabari. Kunya ta ishe mu.

"Yaya Bake, a sa musu kowane kiɗa mana," in ji shugabanmu Sabi Yaru. "Ganga ai ganga ce."

"To, ranar taka sai mu sa maka na biki," ta ce, ko ɗago kai ba ta yi ba.

Ta nemo asalin rubutun manhajar, wanda masu shi suka watsar tun tuni, ta shiga harhaɗa ta da kanta. Kwamfuta ta ce wani ɓangare ya ɓace, ta tono shi. Ta ce wannan layin tsohon yayi ne, ta gyara. Na ga takardar da take jera kurakuran, ta cika gaba da baya.

Rana ta takwas kiɗa ya fito, muka yi shewa. Ita kuwa ta kashe shi.

"Yana gudu. Tsoho Woru, makaɗin da na naɗo wannan a wurinsa, bai taɓa kaɗa gangar mutuwa da gaggawa ba."

Mu ba mu ji komai ba, wallahi. Ta ƙara yini guda sai da ta gano inda saurin ya karkace.

Washegari aka yi rasuwa a ƙauyen Siraru, gangarsu ta tashi daidai. Da sati ya zagayo wani dattijo ya zo da cuku a ƙunshe cikin ganye, yana neman "mai gangar". Ya ce yana gona ya ji, ya samu ya sa yayarsa a kabari da hannunsa. Bake ta cire tabarau tana ta goge shi, alhali ba abin da ya same shi. Ranar muka yi ajiyar zuciya.

Ke ce kunnen gidan nan, Bake. Ke ce kika rubuta kowane mataki a littafi, don kada na bayanki ya sha wahalar da kika sha. Mun gode, Allah ya ba ki hutu mai daɗi. Ku kuma masu tasowa, in an ce muku tsohon abu ya mutu, ku buɗe cikinsa tukuna.

Sabi ya riga ya roƙe ta, ranar tasa a sa masa na garinsu.