Bajamushen Da Ya Mayar Da Goshina Ƙasa

Shekarun baya, lokacin da nake rubuta wa 'yan kasuwarmu takardun Larabci a wani ofishin kago da ke unguwar Al Ras a Dubai, ƙafata ta zame ina sauka daga abra, wato ƙaramin jirgin ruwan nan da ke tsallakar da mutane mashigin Deira. Na faɗi a kan gwiwar dama. Aka yi mini aiki a asibiti, aka sallame ni da sanda, likita ya ce in yi salla a kan kujera har sai ya ba da izini. Ya ƙara da cewa sau da yawa masu shekaruna ba sa komawa ƙasa.

Ni kuwa na shekara talatin ina karantar da babin sallar marar lafiya. Na san hukuncin kamar yadda na san sunana: wanda ya kasa tsayuwa ya zauna, wanda ya kasa sujada ya yi nuni, ladansa kuma cikakke ne. Tsofaffi da yawa na kwantar wa hankali da wannan magana. Amma ranar da aka ajiye mini farar kujerar roba a gefen sahu a masallacinmu na Al Buteen, liman ya yi kabbara, jama'a suka tafi ƙasa suka bar ni ni kaɗai a sama, sai na ji kamar an shige gida an rufe ƙofa ina waje. Na fara makara da gangan don in samu sahun baya. A gida kuma na zama mai saurin fushi.

Mai ɗakina ta jure ni kwanaki, sannan ta ce, "Malam, ba kai ne ka ce da mahaifina duk wanda ya ƙi sauƙin Allah girman kai ne ke damunsa ba?"

Na ce, "Ni ne."

Ta ce, "To ga kujerar da ka saya masa ta biyo ka har Dubai."



A wajen gashin ƙashi na haɗu da mutumin da ya zama abokina. Bature ne dogo, mai faɗin kafaɗa, furfura ta cinye masa kai, haƙoransa na gaba kuma sun fi shekarunsa fari. In yana tafiya sai ya riƙa rangaji kamar mai taka jirgin ruwa. Ya dubi sandata ya ce, "Dama ko hagu?"

Na ce dama.

Ya ce, "Ashe sabon shiga ne. Ni duka biyun."

Da guntun Turancina da guntun Larabcinsa na kasuwa muka riƙa hira duk ranar da layi ya haɗa mu. Ya ji wani ma'aikacin wurin, mutumin Kumasi, yana kirana Malam, shi ma ya ɗauka. Ya gaya mini shi Bajamushe ne, kuma sana'arsa ta ƙuruciya wasan hoki ne na kan ƙanƙara. Da ya ga ban gane ba, ya nuna mini a waya. Na ga ƙarti sanye da takalma masu wuƙa a ƙasa suna sulɓi a kan daskararren ruwa, suna bin wani baƙin faifan roba da lanƙwasassun sanduna. Na ce ai wannan ƙwallon gora ce, mun yi ta da ƙwallon goruba muna yara, muka kuma bar ta da muka yi hankali. Ya yi dariya har ya riƙe gwiwa.

Shi mai tsaron raga ne. A hankali na haɗa tarihinsa, domin ba mai yawan faɗin kansa ba ne. An haife shi a wani ƙaramin gari a gindin duwatsun kudancin ƙasarsu, inda mahaifinsa yake kwarara ruwa a bayan gida in sanyi ya yi tsanani, gari ya waye ya zama filin wasa. Ya fara da ƙungiyar garinsu, manyan ƙungiyoyi suka ɗauke shi tun gemu bai fito masa ba, ya kusa shekara ashirin yana cin abinci da wannan wasa. Sau biyu suna kaiwa wasan ƙarshe a doke su, a na uku suka ɗauki kofin ƙasa. An kira shi ƙungiyar ƙasarsu, amma ya ce yawancin zamansa a can a benci ne, yana buɗe wa wasu ƙofar shiga fili. Haƙoran gaba kuwa faifan ne ya tafi da na asali. Da gwiwoyi suka ƙare, ya zo Dubai yana koyar da ma'aikatan ofis masu sha'awar wasan a wani filin ƙanƙara da ke cikin babban kanti.

Wata rana, da irin ƙarfin halin da tsufa da karatu suke ba mutum, na ce masa, "Da ƙarfinka da hankalinka ka ƙarar da gwiwoyin da Allah ya ba ka wajen tare roba?"

Bai ji haushi ba. Ya ce, "Aikina shi ne in faɗi a kan gwiwa in tashi kafin a ƙifta ido. Kai fa, Malam, na ga mutanenku suna yi a masallaci. Sau nawa a rana?"

Na ce sujada talatin da huɗu ce, ban da nafila.

"Kullum? Babu hutun ƙarshen kakar wasa?"

"Babu."

"Tun yaushe?"

"Tun ina ɗan shekara bakwai."

Ya girgiza kai ya ce, "Ka fi ni daɗewa a fili, kuma ba a taɓa ba ka koci ba."

A ranar ne na gaya masa abin da ban gaya wa ko ɗaya daga cikin ɗalibaina ba, cewa ina marmarin goshina ya taɓa ƙasa, ko da sau ɗaya ne kafin in mutu. Sannan ya shiga wajen likitana da ni, suka daɗe suna magana a kan yadda gwiwar ke lanƙwasawa. Da muka fito ya ce, "Likita ya yarda mu gwada. Gwiwar ta kusa. Abin da ya rage tsoro ne, shi kuma na san shi, mun daɗe tare. Amma wata uku kawai gare ni, zan koma gida a sa mini gwiwoyin ƙarfe. Daga nan khalas, shi ke nan."

Muka fara, safiya uku a mako, a falon gidana. Ya ɗora tawul shida ɗaya kan ɗaya a gabana, inda goshina zai sauka, ya tsaya a bayana ya riƙe wuyan rigata. Darasinsa na farko shi ne kada in taɓa jefa nauyina a kan gwiwa: in fara kai hannuwa ƙasa, su karɓi jiki, sannan gwiwoyi su biyo, in zan tashi kuma in dogara da hannuwan. Na tsaya ina kallonsa. Na ce, "Wannan ai shi ne abin da malaman mazhabarmu suka so, na karantar da shi ya fi a ƙirga."

Ya ce, "To me ya sa kake zubewa kamar buhun shinkafa?"

Mai ɗakina tana kicin, na ji ta tana dariya.

Duk mako sai ya cire tawul ɗaya. In na yi gaggawa ya ce shwaiya shwaiya, in na yi nawa ya ce yalla, Malam. Shi kansa bai taɓa nuna mini da jikinsa ba, da baki da hannu yake koyarwa, ni kuma ban kawo komai a raina ba, sai ranar da ya gayyace ni wajen aikinsa.

Ya ce in zo da rigar sanyi. Na ce a Dubai muke, na tafi da 'yar shara da hula. Minti goma ban yi ba haƙorana suka fara kaɗawa, sai da ya lulluɓa mini wata jibgegiyar rigar ƙungiya mai lamba a baya. Haka na zauna, ina fatan kada wani ɗan kasuwar Al Ras ya leƙo. Ya tsaya a gefen fili yana dafe da katanga, yana koya wa wani ma'aikacin banki tsaron raga. Na lura duk lokacin da aka bugo faifan, kafaɗunsa sukan faɗi, gwiwoyinsa su ɗan karye kamar zai tafi ƙasa, sai ya riƙe katangar ya miƙe. Ya yi haka ya fi sau ashirin, bai kuma san yana yi ba. Nan na gane cewa mutumin nan yana ƙoƙarin mayar da ni wurin da shi ba zai sake komawa ba. Na tuna maganar da na yi masa a kan tare roba, na ji kunya ta kama ni fiye da sanyin.

Da ya rage tawul ɗaya, ya sa hannu zai cire, na riƙe. Na ce, "Wannan ba za mu cire shi a nan ba. Goshina ba ya taɓa ƙasa don motsa jiki. Mai shi ɗaya ne, kuma a cikin salla ake kai masa."

Ya ce, "A cikin salla ba zan iya riƙe maka riga ba."

Na ce, "Na sani."

Ya daɗe yana kallon tawul ɗin. Ya ce, "Haka wasa yake. Koci a waje yake tsayawa."

Kashegari ya zo da wani ɗan soso mai tauri, faɗinsa kamar allo. Daga kariyar ƙafarsa ya yanko shi, wadda ya sa ranar da suka ɗauki kofi, wadda ya yi ta yawo da ita ƙasa ƙasa. Ya ce in sa a ƙarƙashin gwiwa. Ni kuma, Allah ya yafe mini, maimakon godiya tambayar da ta fara fita daga bakina ita ce ko akwai fatar wata dabba a jiki. Ya ce roba ce zalla, sai dai gumin shekaru. Mai ɗakina ta wanke shi sau uku, ta ɗinka masa riga da ragowar shadda.

Saura kwana biyu ya tashi, muka tafi masallaci da la'asar. Ya tsaya a tsallaken lungu, bakin shagon wani mai kayan ƙamshi. Na zaɓi barandar waje, inda babu shimfiɗa sai farar marmara, na tsaya a ƙarshen sahu. Wani bawan Allah ya jawo mini kujera, na yi masa godiya na ture ta. Ban san surar da na karanta a raka'ar farko ba, zuciyata tana bugawa kamar ta yaron da za a ji wa hadda. Liman ya yi kabbara. Na kai hannuwa, suka karɓe ni. Gwiwar hagu ta sauka, ta dama ta biyo ta, ta yi zafi, amma zafin da na sani ne. Sai goshina ya taɓa ƙasa.

Ba zan iya siffanta muku abin da na ji ba, kuma ba komai ne ya kamata a siffanta ba. Na dai san liman ya ɗago na makara, kuma da aka idar da salla akwai jiƙa a kan marmarar.

Na tsallaka na same shi. Bai tambaye ni gwiwa ba. Ya ce, "Malam, yaya ƙasan?"

Na ce, "Da sanyi."

Ya gyaɗa kai, ya kau da fuska wajen buhunan kanumfari. Ya ce, "Nawa ma haka yake."

Ya tafi. Mun yi kamar shekara biyu muna gaisawa ta waya. Ya aiko mini da hoton wani tafki da ya daskare a garinsu, shi yana tsaye a bakinsa da sanduna biyu. Daga baya saƙona ya daina shiga, ban kuwa san kowa nasa ba balle in tambaya. Bai shiga addinina ba, ban kuma ɓoye masa cewa ina so ba. Da na faɗa, ya dafa kafaɗata ya ce in ci gaba da sa shi a addu'a. Ina yi har gobe.

Shekara shida na samu ina sujada bayan wannan rana, kuma babu ɗaya a cikinsu da na yi da gaggawa irin ta da. Na karanta tun ina saurayi cewa a nan ne bawa ya fi kusa da Ubangijinsa, na karantar da shi ga ɗaruruwa, amma sai da aka karɓe mini sujadar, aka kuma dawo mini da ita ta hannun mutumin da na raina wa sana'a, sannan na san abin da nake faɗa.

Bara gwiwar ta sake gazawa, likita ya ce wannan karon babu komawa. Na koma kujera, a sahun gaba, ba na makara. Na yarda da hukuncin yanzu da zuciyata, ba da harshe kaɗai ba. Sai dai in liman ya yi kabbara jama'a suka tafi ƙasa, mai ɗakina ta ce ko a gida takan ga kafaɗuna sun faɗi, gwiwoyina sun ɗan karye, sai in riƙe hannun kujera in tsaya. Ban san ina yi ba sai da ta faɗa. Soson yana nan cikin rigarsa ta shadda, a kan cinyata nake ɗora shi. Allah ya sa mai shi yana raye, ya shiryar da shi, ya saka masa da abin da ya fi kofi.