Mai Laluben Ƙumba a Kogin Haɗeja

Inuwa, malamin daji na En'e, wato hukumar gargajiya, yana jiran kwalekwale a mashigi, idonsa na kan wata tsohuwa. Ruwa ya kai mata gwiwa, tana laluben laka da yatsun ƙafa. In ta taka ƙumba, halittar ruwan nan mai ɓawo biyu, sai ta sunkuya ta ɗauko. Ya tabbata hannun nan ya shekara arba'in yana kankare tukunya da ɓawonta.

Ta leƙa bakin wata ƙumbar, ta mayar da ita cikin laka.

Ya ce, "Iya, kwandonki ko rabi bai yi ba."

"Mai ciki ce, ɗan nan. 'Ya'yanta za su maƙale a jikin kifi, ambaliya ta kai su fadamar Kafin Hausa. Ƙanwata tana can. Da me za ta kankare tukunya?"