Gwiwar Yaya Sa'idu a Dutsen Ƙanƙara

Daga Makka

Ƙarfe uku da rabi, tun kafin kiran asuba, muka bar unguwarmu Rusaifa, ni da yayana Sa'idu, direban bas a unguwar Aziziyya. Saura sati biyu a yi masa aikin gwiwa. Ya ce sai ya taɓa ƙanƙarar dutse da hannunsa tukuna, don bai yarda da likitan ba. Mun yi sallar asuba a filin jirgin Jidda. Da yamma muka sauka Munik ta Jamus, muka hau motar haya, awa biyu da rabi zuwa Zell am See a Ostiriya. Masaukinmu cike yake da 'yan Riyad. Kabsa muka ci, dafa-dukar shinkafar Saudiyya.

Grossglockner

Washegari ƙarfe takwas muka kama hanyar dutsen Grossglockner, lanƙwasa bayan lanƙwasa. Ƙarfe goma muka kai inda motoci ke tsayawa. Ga ƙololuwar can sama, fara fat. Ƙanƙarar da muka zo dominta kuwa tana can ƙasa cikin kwari, ta yi baƙi-baƙi.

Na tambayi mai gadin wurin. Ya ce a da tana kusa, amma kullum narkewa take tana ja da baya. Yanzu sai an taka fiye da awa guda.

Na ce, "Yaya, mu yi hoto daga nan, halas, mu koma."

"Hoto ai akwai shi a waya tun muna gida. Yalla, mu je."

Muka gangara. A rabin hanya gwiwar ta ƙi. Ya zauna a kan dutse, gumi na zuba cikin wannan sanyi, ni kuma ina tunanin abin da zan gaya wa mahaifiyarmu. Wata tsohuwar Baturiya ta tsaya, ta dube shi, ta miƙa masa sandunanta biyu, ta wuce.

Ƙarfe ɗaya saura muka isa tafkin da ƙanƙarar ke narkewa a ciki. Wani gutsuren ƙanƙara ya maƙale a bakin ruwa. Yaya ya sunkuya da ƙyar, ya dafa shi, ya daɗe.

"Yaya, ya ka ji?"

"Sanyi gare ta."

Sai na ga yana share ido. Hawan dawowa awa uku muka yi, rabinsa yana rataye a kafaɗata. Tsohuwar na zaune a sama tana jiran sandunanta.

Gida

Rana ta huɗu bayan la'asar muka shiga Rusaifa. Umma ta dubi ɗingishinsa, ta dube ni, ta zuba mana shayi. Alhamdu lillahi. Tsohuwar nan ko sunanta ba mu tambaya ba. Allah Ya saka mata da alheri.